Injin Waldar Kawu

Injin walda irin wanda ba ya jiran wutar gari halitta biyu ce a jiki ɗaya. A gaba akwai inji mai shan mai, wanda ba shi da wani aiki sai juyi. A baya akwai janareta, wanda yake karɓar juyin nan ya mayar da shi wuta mai zafin da zai narka ƙarfe. Sandar ƙarfe guda ce ta haɗa su, in ban da ita babu abin da ɗaya ya sani game da ɗan'uwansa. Saboda haka ranar da irin wannan inji ya ƙi aiki, tambayar da gwani yake fara yi ita ce: wanne ne cikin biyun ba shi da lafiya? Wanda bai iya wannan tambaya ba yakan kwance lafiyayye ya bar majinyaci, ya ƙare da tulin kusoshi a kan tabarma, aljihu kuma wayam.

Ni malamin makaranta ne, alli na sani ba sifana ba. Amma a shekarar 2015 na shafe wata huɗu ina rakiyar gaɓoɓin wani tsohon injin walda tsakanin Salaga da Yendi da Bawku, a arewacin Gana. Aikina shi ne riƙe tocila, da biyan kuɗin mota, da rubuta duk abin da aka kwance don a san yadda za a mayar da shi. Littafin da na yi rubutun a ciki yana nan, duk ya sha baƙin mai. Na ga ya dace in tsamo wa ɗaliban Hausa abin da ke ciki, domin akwai kalmomin sana'a waɗanda ba kasafai ake samunsu a aji ba, akwai kuma wata hanya ta bin diddigin matsala wadda ta fi ƙarfin gareji.

Wanda ya karanta tarihin fatauci ya san Salaga. Ita ce babbar kasuwar Gwanja, inda ayarin Hausawa suke sauke kanwa da tufafi da fatu, su yi lodin goron da ya fito daga dazukan Asante su nufi Kano. An kuma yi cinikin bayi a kasuwarta, kuma rijiyoyinta masu yawa suna nan har yau. Bayan Turawan Ingila sun ci Kumasi a 1874 cinikin goro ya fara kauce mata, sannan yaƙin basasar 1892 ya watsa mutanenta. Cikin waɗanda suka bar ta har da Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano wanda ya zauna a Kete-Krachi har ya rasu a 1934. Amma ba kowa ne ya tafi ba, wasu kuma sun dawo. Kakannin mahaifiyata suna cikin waɗanda suka dawo, kuma a gidansu aka haifi ƙaninta, wato kawuna, mai injin da nake magana a kansa.

Kawu ya koyi walda a Kumasi, a unguwar Suwame, wurin da ake kira Magazin, inda dubban makanikai da maƙeran zamani suke aiki kafaɗa da kafaɗa. Da ya komo gida a farkon shekarun 1980 sai ya tarar da matsalar da kowane mai walda na arewa ya sani a lokacin. Madatsar ruwa ta Akosombo ta fara ba da wuta tun 1965, amma layin bai kai Tamale ba sai a ƙarshen shekarun 1980, ƙananan garuruwa kuwa sun ƙara jira. Don haka ya tattara abin da ya tara, ya sayi injin walda a gwanjon wani kamfanin hanya da ya gama kwangilarsa. Injin dizal ne mai silinda biyu, iska ce take sanyaya shi ba ruwa ba, yana zaune a kan tayoyi biyu ana jan sa da tarakta. Tsatsa ta riga ta cinye farantin da ke ɗauke da sunansa, mutane dai suna ce masa Lista, kamar yadda suke kiran kusan duk injin dizal mai kama da shi, saboda shaharar injunan kamfanin Lister na garin Dursley a Ingila, waɗanda suka cika wuraren niƙa a ƙasar.

Da wannan inji Kawu ya aurar da ƙannensa, ya gina ɗakuna, ya biya kuɗin makarantar 'ya'yansa da nawa. Ƙasar Salaga ƙasar doya ce da shinkafa, kuma idan garmar tarakta ta karye a gona mai nisan tafiyar yini, ba gonar ake kawowa gari ba, mai walda ake kaiwa. Sai a 2006, da idanunsa suka yi rauni kuma wutar gari ta wadata, aka tura injin ƙarƙashin wata rumfar kwano a bayan gida. Ɗansa, wanda yake taubashina, ya ci gaba da sana'ar da ƙaramin injin da ake sa wa a soket.

Shekara tara bayan haka sai ga dumso. Kalmar daga harshen Tuwi take, ma'anarta kashe-kunna, kuma da ita mutanen Gana suka sa wa matsalar ɗauke wuta da ta addabe su daga 2012, ta kai maƙura a 2015. Taubashina yakan wuni zaune a bakin shago, ga aiki jibge, ga yara biyu masu koyo, babu wuta. A daidai lokacin ne masu sayen tsohon ƙarfe, waɗanda a Kano ake kira 'yan gwangwan, a Gana kuwa 'yan kwandam, suka leƙa bayan gida suka yi tayi. Ba injin suke so ba, jan ƙarfen da ke naɗe a cikin janaretan suke hange. Tayin ba kaɗan ba ne ga gidan da ake bin sa kuɗin makaranta. Inna, matar Kawu, tana ganin a sayar, kuma tana da hujja: tsuntsun da ke hannu ne. Kawu ya saurari kowa, sannan ya ce, "Ku ba ni zuwa faɗuwar ruwan farko. In bai tashi ba, ku kira su su auna." Muna cikin watan Janairu, hunturu yana kaɗawa.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne Kawu bai bari an taɓa sifana ba a rana ta farko. Ya sa aka share, aka wanke da kananzir, aka ƙwaƙule gidajen zanzaro da suka toshe tsakanin haƙarƙarin silinda, domin ta nan iska take bi ta ɗebe zafi. Aka fitar da sheƙar ɓera daga cikin janareta. Sannan ya zauna a kan turmi, ya ɗora tafin hannunsa a kan ƙaton faifan ƙarfen da ke gefen inji, ya gwada juya shi. Bai motsa ba. Taubashina ya ɗauko dogon bututu zai ɗana ya danna da ƙarfi, Kawu ya ce, "Ajiye. Wanda ya yi shekara tara yana barci ba a tashinsa da mari." Fistin ne ya manne da bangon silinda saboda tsatsa, kuma ƙarfi yana iya karya ringi ko ya lanƙwasa sandar fistin. Aka cire nozul biyun, aka zuba dizal haɗe da baƙin mai ta ramukansu, aka rufe da tsumma. Kullum da safe sai Kawu ya zo ya ɗan girgiza faifan gaba da baya. A rana ta shida ya motsa kamar faɗin yatsa. A ta tara ya zagaya.

A nan ne ya karanta mini darasin da na rubuta da manyan baƙaƙe. Injin fetur yana bukatar tartsatsi daga fulogi, injin dizal kuwa ba shi da fulogi. Fistin yana matse iska a cikin silinda har zafinta ya wuce digiri 500 a ma'aunin Salshiyos, sai nozul ya feso mai kamar hazo, man ya kama da kansa. Wannan ita ce dabarar da Bajamushe Rudolf Diesel ya tabbatar da ita a 1897. Don haka abu uku kawai injin yake nema: iska mai tsabta, matsi mai ƙarfi, da mai a kan lokaci. "Ɗana," in ji Kawu, "kada ka tambayi inji me ya same ka. Ba zai amsa ba. Tambaye shi, kana samun iska? Kana da matsi? Mai yana zuwa? Ɗaya bayan ɗaya, kuma ka fara da mai araha."

Muka fara da mai araha. Tankin yana ɗauke da ruwa da wani baƙin dagwalo a ƙasa, aka wanke, aka sauya matatar mai da baƙin mai. Aka sassauta kusoshin layin mai aka fitar da iskar da ta shige, domin kumfa ɗaya ta isa ta hana famfo tura mai. Sannan aka ɗauko hannun wani. Ɗalibi ya lura da wannan kalma. Ba "wani" ba ce ta "wani mutum", wadda wasulanta gajeru ne. Wannan wasulanta dogaye ne, aro ce daga Ingilishi, kuma ita ce a cikin "ba agogo wani". Tsoffin motoci da injuna da ita ake tayar da su: a ɗaga wani ɗan liba da ke buɗe bawul don matsi ya saki, a yi ta juya hannun har faifan ya ɗauki gudu, sannan a saki libar. Taubashina ya ba shi wani har gumi ya jiƙa rigarsa. Kawu ya kara kunne kusa da kan injin. Ya ce silinda ɗaya tana huci ta bawul, kuma bai ji ɗan ƙaran nan da lafiyayyen nozul yake yi idan ya fesa mai ba. Ido ya tafi, amma kunne yana nan.

Gyaran nozul da famfo ba aikin gida ba ne, yana bukatar ma'auni. Kawu bai yarda da hannun kowa ba sai na wani tsohon abokinsa da ke Yendi, mai gyaran taraktoci da injunan niƙa. Muka naɗe kan injin da famfo da nozul a buhu, ni da taubashina muka bi ta Bimbila. Yendi ita ce mazaunin Ya-Na, sarkin Dagomba, kuma tana kan tsohuwar hanyar ayari: fataken da suka ratso Borgu da Sansanne Mango a nan suke yada zango kafin su ƙarasa Salaga. Hanyar da jakuna suka bi da goro, ita muka bi da ƙarfe.

A Gana ba a cika cewa makaniki ko bakanike ba, "fita" ake cewa, wata kalmar aro da ta yi kama a rubuce da "fita" ta barin ɗaki. Yaran gareji kuma suna kiran maigidansu Masta. Mu dai Baba muka kira shi, tun da abokin mahaifi ne. Ya ɗaura nozul a kan wani ɗan famfon hannu mai agogo, ya kore mu baya, ya ce kada wanda ya kuskura ya tara hannu, domin feshin yana da ƙarfin huda fata ya shiga jini. Ya danna. Na farko ya yi fitsari tsiriri maimakon hazo. Na biyu ya yi ta ɗiga. Ya sauya musu kawuna, ya daidaita ƙarfin da suke buɗewa da shi. Bawul kuwa ya zauna ya goge su a mazauninsu da wani kulli mai yashi-yashi, yana murza sandar tsakanin tafukansa kamar mai burga miya, har bakin ya yi zobe mai toka-toka babu yankewa. Ya kifa kan injin, ya zuba kananzir a kan bawul ɗin, muka jira. Ko ɗigo bai wuce ba.

Kafin mu tafi ya ba mu karatun hayaƙi. Farin hayaƙi mai yaji a ido, man da bai ƙone ba ne: a duba matsi ko lokacin feshi. Baƙi, mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. Shuɗi, baƙin mai ne yake haurowa ta ringi yana ƙonewa. Ya kuma ce ranar tayarwa a ajiye guntun katako kusa da bakin shan iska. Tsohon injin dizal yana iya kama shan baƙin mansa, ya yi ta ƙara gudu ko an rufe masa dizal, har ya tarwatse. Maganinsa kawai a toshe masa numfashi, kuma da katako, ba da hannu ko tsumma ba. A bakinsa na ji abin da masana suka daɗe da lura da shi game da Hausar zangon Gana, wato yawancin masu magana ba sa raba namiji da mace a nahawu. "In wuta ya zo," in ji shi, "mota ya tashi." Bakano zai ce "ta". Babu wanda ya kasa fahimtar wani.

A ƙarshen Fabrairu injin ya tashi. Ya yi tari, ya tofar da farin hayaƙi, ya kama da silinda ɗaya, sannan ta biyu ta bi. Sai dai gudun yana hawa yana sauka kamar numfashin mai haki. Kawu ya ce gwamna ne. Ga wata kalmar: a cikin inji, gwamna wasu 'yan ƙarafa ne masu nauyi da suke buɗewa idan gudu ya yi yawa su rage mai, su tsuke idan gudu ya ragu su ƙara. A injin walda aikinsa babba ne, domin da zarar tsinken walda ya taɓa ƙarfe nauyi yakan faɗo wa inji gaba ɗaya, kuma dole gwamna ya amsa nan take. Datti ne ya daskare a mahaɗansa. Aka wanke, aka sa mai, gudun ya daidaita. Yaran unguwa suka yi ta ihu, Inna ma ta leƙo. Taubashina ya ɗauki tsinke, ya rufe fuska, ya ƙyasta a jikin wani guntun ƙarfe. Babu ko ƙyalli.

A nan amfanin tambayar farko ya fito. Da ba a raba injin gida biyu ba, da an koma ana zargin nozul da famfo. Amma gaba ya riga ya ba da shaidar lafiyarsa: yana juyi, kuma da gudun da ya dace. Saura baya. Janareta irin wannan yana aiki ne da abin da Michael Faraday ya gano a Ingila a 1831, cewa idan waya ta gilma ta cikin ƙarfin maganaɗisu, lantarki yakan gudana a cikinta. A tsakiya akwai dunƙulen waya mai juyawa, wanda masu gyara ke kira amecha. A kewaye da shi akwai kwayil huɗu a tsaye, su ne suke zama maganaɗisu. A ƙarshen amecha akwai zoben jan ƙarfe mai tsaga-tsaga, kuma wasu 'yan guntayen gawayi da ake kira burushi suna goga a kansa suna kwashe wutar.

Nan ma da mai araha aka fara. Burushi uku sun maƙale a gidajensu, ba sa taɓa zoben, aka ciro su aka goge. Zoben ya yi baƙi, aka goge shi da sanfefa mai laushi, irin ta katako, domin burbushin baƙar takardar gugar ƙarfe yana iya haɗa tsagogin da bai kamata su haɗu ba. Aka karya tsohon zarto aka yashe tsagogin ɗaya bayan ɗaya. Har yanzu shiru. Sai Kawu ya sa aka haɗa batir da ƙwan fitilar mota da waya biyu, aka riƙa gwada kowane kwayil: in ƙwan ya kama, hanya a buɗe take. Uku suka kama. Na huɗu, wanda ɓera ya yi sheƙa a gindinsa, bai kama ba. Da yake a jere aka haɗa su kamar carbi, tsinkewar ɗaya ta kashe duka.

Mai naɗin waya da Kawu ya amince da shi, wanda suka kwana ɗaki ɗaya a Magazin suna samari, yana Bawku, can ƙuryar arewa maso gabas, kusa da iyakar Burkina Faso da Togo. Taubashina ya ce akwai masu naɗi a Tamale, ga kusa. Kawu ya ce zumunta a ƙafa take, kuma akwai wayar da ake sayarwa yanzu wadda sanholo ce aka yi wa rigar jan ƙarfe, sai wanda ya kankare ya gani, shi kuwa ba shi da idon kankarewa. Makaranta tana hutu, don haka ni aka aika. Na sake bi ta Yendi, na wuce Gushegu, motar ta gangara dutsen Nakpanduri, muka ratsa Garu muka shiga Bawku da kwayil a cikin jakata. Gari ne na albasa da dabbobi, wanda rikicin sarauta ya sha tsayar da kasuwarsa, ya kuma kori masu sana'a da dama. A kasuwar za ka ji Kusasi da Mamprusi da Mosi da Busanga, amma idan ciniki ya haɗa biyu daga cikinsu, sau da yawa da Hausa ake ƙulla shi.

Tsohon bai yi gaggawa ba. Ya auna kaurin wayar, ya auna faɗin kwayil da tsawonsa, ya sassaƙa katako daidai da cikinsa. Sannan ya warware tsohuwar wayar yana ƙirga zagaye, ni ina ja masa layi a takarda duk hamsin. Na tambaye shi, "Baba, in an rage kaɗan fa?" Ya ce ƙarfin maganaɗisu ya rataya ne a kan yawan zagaye da yawan wutar da ke bi. In ka rage zagaye, wannan kwayil zai fi 'yan'uwansa rauni. In ka sa siririyar waya, za ta yi zafi ta ƙone. "Wanda ya ƙera shi ya riga ya yi lissafi. Ni aikina kada in yi masa ƙarya." Ya naɗa sabuwar ta fuskar da tsohuwar ta bi, ya ɗaure da ƙyallen auduga, ya tsoma a banish, ya gasa a cikin wata tanda ta gwangwani har ya bushe ƙau. Ya ɗaura jan zare a bakin waya ɗaya, ya ce in faɗa wa Kawu a gwada da kamfas bayan an ɗaura: kwayil huɗun dole su zama arewa, kudu, arewa, kudu. Kuɗin waya kawai ya karɓa.

Muka ɗaura a farkon Afrilu, hadari ya fara haɗuwa a gabas da yamma. Allurar kamfas ta juya yadda aka ce. Aka ba da wani, inji ya kama, taubashina ya ƙyasta tsinke. Babu komai. Ya ajiye garkuwar fuskarsa ya zauna a ƙasa, bai ko tsokane ni ba, abin da ba ya wuce shi. Kawu kuwa murmushi ya yi, ya ce a kawo batir. Janareta irin wannan da kansa yake ciyar da maganaɗisunsa, dabarar da Werner Siemens a Jamus da Charles Wheatstone a Ingila suka bayyana a 1867. Ƙarfen da ke cikin kwayil yakan riƙe ɗan ragowar maganaɗisu daga aikin jiya. Wannan ragowar ita take haifar da 'yar wuta kaɗan, 'yar wutar ta koma cikin kwayil ta ƙara maganaɗisu, shi kuma ya ƙara wuta, cikin ƙiftawar ido abu ya cika. Kamar garwashin da aka binne a toka ne don hurin safe. In inji ya daɗe a ajiye ragowar takan gushe, sai ya zama komai lafiya amma babu abin farawa. Sai an ɗebo wuta daga maƙwabta. Kawu ya laluba wayoyin, ya tabbatar da wacce ce uwa wacce ce 'ya don kada a juya fuskar wutar, ya sa aka taɓa batir mai bolt 12 na daƙiƙa ɗaya. Muryar injin ta sauya, ta yi nauyi. Taubashina ya ƙyasta, bayan gida ya haske da shuɗin haske.

Kawu bai yarda an yi murna ba sai da aka gwada. Ya sa aka kawo guntayen ƙarfe biyu da tsinke mai kaurin milimita 3.2, aka saita wuta wajen amfiya 110. Ya ce shi ba zai gani ba, amma zai ji: walda mai kyau ƙararta kamar ta ƙosai a cikin mai take, ba ta yankewa. Ya kuma kori yaran da suka taru, domin hasken yana ƙona ido, mutum ya kwana kamar an zuba masa yashi, kuma baƙin tabarau na kasuwa ba ya karewa. Da ɗinkin ya huce, aka ɓare ɓawonsa, ya shafa da yatsa daga farko zuwa ƙarshe. Sannan ya sa aka ɗaure ƙarfen aka yi ta dukansa da guduma. Ya lanƙwashe a gefe, ɗinkin bai buɗe ba. Inna ce da kanta ta aika wa 'yan kwandam cewa an fasa.

Damina ta sauka, taraktoci suka shiga gona, garmuna suka fara karyewa kamar yadda suka saba. Kafin kaka taubashina ya biya kuɗin makarantar da ake bi, ya mayar mini da abin da na kashe a mota. Dumso ya lafa daga baya, amma injin bai koma rumfa ba, domin layin wuta ba ya zuwa gona.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne lissafin da na yi a shafin ƙarshe na littafin. Abubuwan da aka saya sababbi ba su da yawa: kawunan nozul biyu, matatar mai, gasket, baƙin mai, da waya. Sauran duk sani ne, kuma sanin yana rarrabe a kawunan tsofaffi uku, a garuruwa uku, kowannensu ya haura shekara sittin. Fitan Yendi ya gaya mini yaran yanzu ba sa son zaman goge bawul, sun fi son a cire a sa sabo. Ba laifinsu ba ne kaɗai, yawancin injunan da ake kawowa yanzu ba a yi su don a buɗe ba. Amma duk injin da aka yi don a gyara, ba ya mutuwa sai ranar da aka rasa wanda ya iya yi masa tambaya.

Shi ya sa Kawu ya kafa doka biyu a shagon. Ta farko, ko babu aiki, duk ranar Asabar sai an tayar da injin an ƙona tsinke ɗaya, don mai ya zagaya kuma ragowar maganaɗisu ta sabunta. Ta biyu, duk yaron da ya zo koyo, kafin a ba shi tsinke sai ya iya jero tambayoyin da ka, bi da bi: yana juyi? Yana samun iska? Yana da matsi? Mai yana zuwa? Gudu ya daidaita? Burushi yana taɓawa? Hanya a buɗe take? Akwai abin farawa? Ƙaramin cikinsu, wani ɗan Gwanja da ya zo ba ya jin Hausa sosai, da waɗannan tambayoyi takwas ya fara koyon harshen.